Mutum Nawa Ne, Gida Nawa Ne? Fashin Baƙi Kan Ƙidayar Karkara Daga Misalin Batagarawa

Duk lokacin da aka tashi rabon taki, ko gidan sauro, ko kayan tallafi a karkara, tambaya ɗaya ce take tasowa kafin a sauke buhun farko daga mota: mutum nawa ne a garin nan, kuma gida nawa ne? Mai unguwa yana da nasa lissafi, ma'aikatan lafiya suna da nasu, ɗan siyasa yana da wanda ya fi na kowa yawa, ita kuma takardar gwamnati tana ɗauke da wani adadi da aka samo daga ƙidayar 2006. Jama'a sukan ɗauki wannan saɓani a matsayin shaidar cewa akwai mai yin ƙarya a cikinsu. Wani lokaci haka ɗin ne, amma sau da yawa kowannensu abu daban yake ƙirgawa, a wani lokaci daban na shekara, kuma da ma'auni daban. Tun da aka ɗage ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023, maganar take ta komawa kan jimillar ƙasa da takarar yawa tsakanin Kano da Legas, alhali kuwa wurin da rashin sahihin lissafi ya fi yin ɓarna shi ne ƙaramin yanki, inda kuskuren mutum ɗari biyu yake nufin kusan aji guda na 'yan firamare da ba a yi musu tanadi ba.

Batagarawa, da take kimanin kilomita goma kudu da birnin Katsina, misali ce mai kyau don fahimtar wannan al'amari, saboda tana cikin garuruwan ƙasar Hausa ƙalilan da aka taɓa bi gida gida aka rubuta yadda mutanensu suke zaune, kuma saboda irin sauyin da ta gani daga wancan lokaci zuwa yau.

Inda alƙaluman da ake aiki da su suka fito

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba da jimillar mutum 140,431,790. Jihar Katsina ta samu 5,801,584 a ƙananan hukumominta 34, ita kuma ƙaramar hukumar Batagarawa aka ba ta sama da mutum 180,000. Duk wani adadi da aka ji wani jami'i ya ambata bayan wannan shekara, hasashe ne: ana ɗaukar adadin 2006, a riƙa ƙara masa kimanin kashi 3 cikin ɗari kowace shekara. Da wannan lissafi, mutum 180,000 za su haura 320,000 a cikin shekara ashirin.

Irin wannan hasashe yana iya kusantar gaskiya idan ƙasa baki ɗaya ake magana, domin wanda ya bar Katsina ya koma Abuja bai fita daga jimillar ba. A ƙaramin yanki kuwa ba haka abin yake ba. Batagarawa ta yau birnin Katsina ya miƙo ya cim mata. Manyan makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suna wannan shiyya ta hanyar Dutsin-Ma, gonaki da yawa sun zama filaye, filayen sun zama unguwanni, kuma mutanen da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana sun nemi mafaka a birnin da kewayensa. A daidai wannan lokaci akwai ƙauyuka a yammacin jihar da suka ragu ko suka tashi gaba ɗaya. Takarda kuwa ba ta san da wannan ba: tana ƙara wa wanda ya cika kashi 3, tana ƙara wa wanda ya watse kashi 3.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika ambato ba. Sakamakon 2006 da aka wallafa ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauka zuwa gari gari da ƙauye ƙauye ba. Wanda yake son adadin wani ƙauye daga hukuma, sai dai ya koma ƙidayar 1991, ya yi hasashe daga can. Ke nan yawancin ƙauyukanmu ana yi musu tsari ne da lissafin da aka yi kafin a haifi mafi yawan mazaunansu.

Gida daban, tukunya daban

A nan ne mafi yawan ruɗani yake. Idan Bahaushe ya ce gida, yana nufin duk abin da katanga ko danga ta kewaye, mai zaure ɗaya, wanda ake kira da sunan maigida ɗaya, ko da kuwa akwai sassa biyar a ciki. Ma'aikacin ƙidaya kuwa ba wannan yake nema ba. Ma'aunin da yake aiki da shi shi ne mutanen da suke kwana wuri ɗaya, suke ci daga tukunya ɗaya, suke kuma ƙarƙashin mutum ɗaya da suka yarda shi ne shugabansu. Saboda haka gida ɗaya a idon mai unguwa yana iya zama iyali uku a takardar ƙidaya.

A ɗauki misalin wani gida irin wanda kowa ya sani a karkara. Maigida yana da mata biyu. Uwargida tana da 'ya'ya uku da suka rage a gabanta, amarya tana da huɗu, ga kuma agola ɗaya da ta zo da shi. Mahaifiyar maigida tana ɗakinta a kusa da rumbu. Babban ɗansa ya yi aure, yana sashensa da matarsa da 'ya'ya biyu, amma har yanzu gona ɗaya suke nomawa da mahaifinsa, matarsa tana cikin jerin masu karɓar girki. Ƙanwar maigida ta dawo zawarci da ɗa ɗaya. Waɗannan mutum goma sha takwas ne, kuma tukunyarsu ɗaya. A can ƙuryar gidan akwai ƙanen maigida da matarsa da 'ya'ya uku, wanda tun bayan rabon gado ya gina nasa rumbu, yake cefanensa shi kaɗai; su biyar iyali ne na biyu, ko da yake zaure ɗaya suke bi su fita. Sannan akwai almajirai biyu da suke kwana a zauren, suna cin abin da ya samu. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗa ɗaya na maigida yana kudu yana cin rani, wani ƙaramin an kai shi karatun allo wani gari.

Idan aka tambayi maigida mutum nawa ne a gidansa, zai ce ashirin da biyar, domin zai sa 'ya'yansa biyu da ba sa nan, ba zai sa almajiran ba. Idan ma'aikacin ƙidaya ya bi ƙa'idarsa, shi ma ashirin da biyar zai samu, domin zai sa almajiran da suka kwana a gidan, ya bar 'ya'yan da suka yi tafiya a ƙirga su inda suke. Adadin ya zo ɗaya, amma mutanen ba ɗaya ba ne, kuma inda maigida ya ga gida ɗaya, takarda ta ga iyali biyu. Idan aka ninka wannan bambanci sau ɗari uku, an samu dalilin da ya sa lissafin magaji, wato dagaci, da na hukuma ba sa haɗuwa ko da babu wanda ya yi niyyar maguɗi.

Wannan ne kuma ya sa mutanen karkara suke mamaki idan suka ji an ce matsakaicin iyali a Nijeriya mutum biyar ne. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya samu matsakaicin 5.06 a ƙasa baki ɗaya, 5.42 a karkara, 4.50 a birane, kuma Jigawa ce ta fi kowace jiha da 8.15 yayin da Ekiti take ƙasa da 3.50. Waɗannan alƙaluma na tukunya ne, ba na zaure ba.

Gandu da yadda yake watsewa

Ba a fahimtar yawan iyalai a ƙauyen Hausa sai an fahimci gandu. Gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa maza, har da waɗanda suka yi aure: su yi masa aiki a babbar gona tun safe har zuwa azahar, shi kuma ya ciyar da su da iyalansu daga rumbun gandu, ya kawo iri da kayan aiki, ya ɗauki nauyin aurensu, a da ma har ya biya musu haraji. Kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko a ranakun hutu, amfaninta nasa ne shi kaɗai. Muddin gandu yana tsaye, magidanta uku ko huɗu suna iya zama iyali ɗaya a lissafi.

A 1967 wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, lokacin tana ƙaramin gari mai ganuwa, mazaunin hakimin gundumar Mallamawa, mutanenta ba su kai dubu biyu ba. Ta bi manoman garin ɗaya bayan ɗaya, ta samu rukunin noma ɗari da saba'in da 'yan kai, wato iyalan da kowanne yake noma tare yana ci daga rumbu ɗaya. Abin da ta gano yana da muhimmanci har yau. Gandun da ya fi yawa shi ne na uba da 'ya'yansa. Na 'yan'uwa bayan rasuwar uba bai cika daɗewa ba. Kuma mai wadata ne yake iya riƙe 'ya'yansa a gandu, domin yana da gonar da za ta ishe su da hatsin da zai kai su wata damina. Talaka kuwa 'ya'yansa sukan watse da wuri, shi da su duka su koma ƙwadago a gonakin wasu a daidai lokacin da tasu gonar take buƙatar hannu.

Darasin da yake cikin wannan ya saɓa wa abin da mutumin birni yake zato. Babban iyali a karkara ba lallai ne ya zama alamar talauci ba. Sau da yawa alamar ƙarfi ce, domin yawan hannuwa ne a gona ɗaya. Iyalin da ya fi zama abin tausayi shi ne ƙarami: tsoho da matarsa da 'ya'yansu suka tafi, ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko saurayin magidanci da ya gaji gonar da ba ta kai ta ciyar da shi wata huɗu ba.

Yau gandu yana ja da baya a ko'ina. Kowane rabon gado yana daddatsa gona, taki ya yi tsada, kuɗin da ake samu a acaba ko ɗinki ko dako a birni yana shiga aljihun mai shi kai tsaye, matan zamani da yawa kuma sun fi son tukunyarsu daban. Sakamakon haka shi ne yawan iyalai yana ƙaruwa da saurin da ya fi na yawan mutane. Garin da mutanensa suka ninka biyu, tukwanensa suna iya ninka uku, kuma kowace sabuwar tukunya tana neman nata itace, nata ruwa, nata ɗaki, nata kaso a duk rabon da za a yi.

Watan da aka yi ƙidaya

Ƙidayar Nijeriya tana bin ƙa'idar ƙirga mutum a inda aka same shi, ba a inda yake kira garinsu ba. A birni wannan ba ya sauya abu mai yawa. A ƙauyen da ya dogara da damina kuwa, yawan mutane yana hawa da sauka da yanayi. Daga saukar ruwan farko zuwa kaka kowa yana gida. Da an kai amfani rumbu, samari da matasan magidanta sai su kama hanya, wasu Kano da Kaduna, wasu Abuja da Legas da Fatakwal, wasu fadamun da ake noman rani, ba za su dawo ba sai sharar gona.

Ƙidayar 1991 an yi ta ne a ƙarshen Nuwamba, lokacin da ake kan tattara amfani kuma yawancin mutane ba su riga sun tafi ba. Ta 2006 an yi ta a ƙarshen Maris, tsakiyar lokacin cin rani. Duk wanda ya jera alƙaluman biyu na wani yankin karkara don ya auna ƙaruwarsa, ya sani cewa hoton kaka yake kwatantawa da hoton bazara. Akwai kuma abin da yake ja ta ɗaya gefen: a kowace ƙidaya akan samu masu kira ga 'yan asalin gari da su dawo gida a ƙirga su, har a samar musu motoci, don garinsu ya yi nauyi. Wannan yana kumbura ƙauye na 'yan kwanaki, ya rage birnin da mutumin yake shan ruwansa yake zuwa asibitinsa wata goma sha ɗaya a shekara. Wane ɓangare ne ya rinjayi wani a wani gari na musamman, sai wanda ya san garin.

Waɗanda lissafi yake tsallakewa

A gidan da ake kulle, ma'aikaci namiji iyakarsa zaure. Maigida ne zai fito ya lissafa masa mutanen ciki da ka, kuma mutumin da yake da 'ya'ya goma sha biyar da jikoki, ba abin mamaki ba ne ya manta jaririn da ko suna ba a yi ba. Idan an samu ma'aikaciya mace ta shiga, akwai wani shingen: kunyar ɗan fari. Mata da yawa, musamman manya, ba sa faɗar sunan ɗansu na fari, wasu ma idan aka ce su lissafa 'ya'yansu sai su fara daga na biyu, ga shi kuma sau da yawa yana hannun kakarsa ko gwaggonsa a matsayin ɗan riƙo. A nan yaro ɗaya yana iya faɗawa tsakanin gida biyu babu wanda ya rubuta shi, ko kuma duka biyun su rubuta shi. Haka matar da ta tafi wankan jego gidan iyayenta, da wadda ta yi yaji, da mijin da matansa suke gida daban daban. Akwai kuma waɗanda har yanzu ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya saboda tsoron baki.

Makiyaya da suke ruga a bayan gari, da ƙananan unguwannin da babu hanyar mota zuwa gare su, su ne aka fi saurin bari. Almajirai kuma ana ƙirga su a garin malaminsu, don haka ƙauyen da ya tura yara talatin karatu zai bayyana kamar ba shi da yara maza masu shekara bakwai zuwa goma sha huɗu da yawa, wanda ya karɓe su kuma ya bayyana kamar haihuwar maza ta yi masa yawa.

Shekarun haihuwa ma wani fage ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma karkara ta fi birni baya. Manya kuwa da abubuwan tarihi ake kintata shekarunsu: an haife shi kafin rasuwar Sardauna a 1966, ko shekarar canjin hannu a 1972, ko lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973. Shi ya sa a duk ƙidayarmu ake samun cunkoso a shekara 30 da 40 da 50, ana samun ƙaranci a 29 da 41.

Ba za a manta da tarihin haraji ba. Shekaru da dama ƙirga mutane a karkarar Arewa yana nufin ƙirga baligan maza da za su biya haraji da shanun da za a biya wa jangali, kuma wanda ya iya ɓoye ɗansa ko sansa ya tsira da kuɗinsa. An soke harajin a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina take cikinta har 1987, lokacin da Balarabe Musa ya hau mulki a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Amma dattawan da suka ga wancan zamani suna nan, kuma ba duka ne suka saki jiki da baƙo mai takarda da alƙalami ba.

Yara sun fi manya yawa

Jimilla kaɗai ba ta faɗa wa mai tsari komai sai an san su wane ne a cikinta. Binciken lafiya na 2018 ya nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na mutanen da suke gidajen Nijeriya ba su kai shekara 15 ba. Matsakaicin haihuwar mace ɗaya a ƙasa 5.3 ne, a Arewa maso Yamma 6.6, a Jihar Katsina kuwa 7.3, wanda ya fi na kowace jiha a lokacin. Kusan kashi 31 cikin ɗari na matan aure a ƙasar suna da kishiya, kuma a wannan shiyya abin ya haura haka. Binciken da ya biyo baya a 2023 zuwa 2024 ya nuna matsakaicin ƙasa ya sauko zuwa 4.8, amma karkara tana nan sama da birni.

Ma'anar wannan ga ƙauye mai mutum dubu biyu ita ce kusan dubu ɗaya yara ne. Idan aka cire tsofaffi, aka cire samarin da suka tafi cin rani, za a ga cewa a watannin zafi, lokacin da sanƙarau da ƙyanda suke yawo kuma rijiyoyi suke ja baya, waɗanda suka rage a gari mata ne da yara da dattawa. Garin da yake haka, buƙatarsa ta ungozoma da rigakafi da aji da famfo ta fi abin da jimillarsa take nunawa.

Masu cewa an ƙara da masu cewa an rage

Rigimar ƙidaya tsohuwa ce. Ta 1962 an soke ta, ta 1963 da ta ba da miliyan 55.6 an karɓe ta cikin jayayya, ta 1973 an soke ta, kuma bayan ta 2006 gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da miliyan 9.1 da aka ba ta, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Masu ganin an kumbura alƙaluman karkarar Arewa suna kafa hujja da cewa yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya da na kujerun majalisa, don haka kowane shugaba yana da dalilin ƙari, kuma kulle yana ba da damar rubuta mutanen da ba a gani ba. Wannan zargi ba a banza yake ba, sai dai kwaɗayin ƙari bai keɓanta da wata shiyya ba.

Masu ganin an rage kuwa suna nuni da rugage da tungayen da ma'aikata ba su kai gare su ba, da jariran da ba a ambata ba, da kuma yawan haihuwar da binciken lafiya, wanda babu rabon kuɗi a cikinsa, yake tabbatarwa shekara da shekaru. Suna kuma tunatar da cewa ƙasar da take kewaye da Kano da Katsina tana cikin karkarar da ta fi cunkoso a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa.

A ganina duka biyun suna faruwa, kuma sau da yawa a ƙaramar hukuma ɗaya. Garin hakimi da na shugaban ƙaramar hukuma, inda ake da masu faɗa a ji, shi ne ake iya yi wa ƙari. Unguwar da take bayan rafi, wadda ba ta da kowa a sakatariya, ita ce ake mantawa. Idan aka haɗa jimilla, ƙarin da ragin suna iya cinye juna har adadin ya yi kama da daidai, amma an riga an zalunci wanda ya fi kowa rauni, kuma wannan zalunci ba ya fitowa a muhawarar Kano da Legas.

Abin da yake shafar talaka kai tsaye

A rabon kuɗin tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, kuma a wajen raba wannan kaso yawan jama'a yana ɗaukar kashi 30. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, adadin da aka rubuta wa kowacce ya ƙara zama abin lura. Ƙaramar hukumar da birni ya malalo cikinta tana ɗaukar nauyin mutanen da ba a lissafa mata su ba.

A fannin lafiya abin ya fi fitowa fili. Ma'aikata suna fitar da yawan waɗanda za su yi wa aiki ne daga jimillar hasashe: kashi 4 cikin ɗari jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 5 masu juna biyu. Idan jimillar ta gaza gaskiya, allura za ta ƙare alhali mata suna kan layi, rahoto kuma ya nuna an yi wa fiye da kashi ɗari. Idan ta zarce gaskiya, za a zargi ma'aikacin da ya yi aikinsa da sakaci. Wannan ne ya sa masu yaƙi da shan inna suka koma bin gida gida suna rubutu da alli a jikin ƙofa, daga baya kuma aka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, inda aka gano unguwanni da yawa da ba sa cikin kowace taswira.

Gidan sauro ana rabonsa ne ɗaya ga kowane mutum biyu, kuma a rabo da dama an ƙayyade cewa iyali ɗaya ba zai wuce huɗu ba. Gidan da muka yi misali da shi, idan aka rubuta shi iyali ɗaya, huɗu zai samu ga mutum ashirin da uku. Idan aka rubuta kowace mace da ɗakinta a matsayin iyali, zai samu abin da ya kusa isarsa. Haka tallafin kuɗi: naira 25,000 a wata na tsawon wata uku da gwamnatin tarayya ta sanar a Oktoban 2023 ga iyalai miliyan 15, adadi ɗaya ne ga mai mutum huɗu da mai mutum goma sha takwas. Tsarin da yake biyan tukunya ba tare da duba bakunan da suke ci daga cikinta ba yana hukunta gidan da ya riƙe tsohuwarsa da bazawararsa da marayunsa, yana kuma koya wa mutane su riƙa raba kansu a takarda. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin riƙon nan shi ne kaɗai inshorar da talakan karkara yake da ita.

Abin da ya kamata a nema daga ƙidaya mai zuwa

Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta riga ta yanka ƙasar zuwa ƙananan yankunan ƙirga masu taswira, ta kuma shirya yin aikin da na'urorin hannu maimakon takarda. Wannan zai rage wasu kurakurai, amma na'ura ba ta shiga inda aka ce ba shiga, kuma ba ta san ɗan fari ba. Sai an ɗauki mata 'yan yankin da yawa a cikin ma'aikata, an koya musu bambancin zaure da tukunya da misalan gidajen da suka sani, an kuma yi tambaya a kan waɗanda suka yi tafiya da inda suka tafi, domin a san yawan garin na damina da na rani. Watan da za a zaɓa ma abin tattaunawa ne da bai kamata a bar wa kalandar siyasa ba.

Babban abin da shugabannin karkara ya kamata su dage a kai shi ne a wallafa sakamakon har zuwa matakin ƙauye. Ba sai an je nesa neman misali ba. Jamhuriyar Nijar ta yi ƙidaya a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma bayan ta 2012, wadda ta ba da mutum 17,138,707, hukumar ƙididdigarta ta fitar da kundin garuruwa da ƙauyuka da rugage, kowanne da yawan mazansa da matansa da iyalansa, har da yawan iyalan da suke noma. Maigarin wani ƙauye a jihar Maraɗi yana iya buɗe kundin ya ga abin da aka rubuta wa garinsa, idan bai yarda ba ya yi magana da hujja. Takwaransa na Katsina, wanda tafiyar awa biyu ce tsakaninsu, ba shi da wannan dama. Magaji ko mai unguwa da ya ga an rubuta wa unguwarsa iyali arba'in alhali ya san tamanin ne, shi ne mutumin da ya fi kowane mai sa ido iya kama kuskure da maguɗi, amma ba zai kama ba sai an nuna masa adadin.